ZAKI YA SAMU FILI, MAƘWABTANSA SUN TASHI

Landan shi ne babban birnin ƙasar Ingila. Yana arewa da Yamai, tsakaninsu wajen kilometir 4,200. Gari ne mai sanyi da yawan ruwan sama. A cikin birnin akwai wani babban filin shan iska mai itatuwa da tafki, ana ce masa filin Rijent. A gefensa na yamma babban masallacin Landan yake, mai ƙubba ruwan zinariya. A gefensa na arewa kuwa akwai gidan namun daji. Da asuba ko da almuru, mutanen unguwar sukan jiyo rurin zaki daga gidajensu.

Gidan nan tsoho ne ƙwarai. A 1826 aka kafa wata ƙungiya ta masana dabbobi. A 1828 ta buɗe gidan. Da fari ƴan ƙungiyar da baƙinsu kaɗai ke shiga. Sai a 1847 aka bar kowa ya biya kuɗi ya shiga. Daga wannan gida ne sunan "zu" ya bazu duniya.

Wanda ya ji labarin gidan zai zaci wani makeken daji ne. To, faɗinsa duka bai cika hekta 15 ba. Tituna da gidaje da filin shan iska sun kewaye shi, babu inda zai ƙara ko taki ɗaya. Cikin wannan ɗan fili dubban dabbobi suke zaune, daga raƙumin dawa har kwaɗo da kifi. Idan aka ƙara wa wata dabba wuri, tilas a rage wa wata. Abin da ya faru ke nan lokacin da aka gyara wa zakuna da damisoshi mazauninsu.

ZAMANIN KEJI

A 1876 aka gina wa manyan masu cin nama wani dogon zaure, aka sa masa suna ɗakin zakuna. A cikinsa keji ne na ƙarfe a jere, kamar rumfunan kasuwa. Mutane suna bin layi suna kallo. Ga zaki, ga damisa, ga jaguwa, wato damisar Amurka ta Kudu. Ga kuma wata babbar damisa ta ƙasashen Asiya, wadda babu irinta a Afirka. Jikinta ruwan goro ne da baƙin ratsi, ta fi damisar dajin Afirka girma nesa. Da faransanci tigir ake ce mata. Dukan waɗannan dangin kyanwa ne, girma ne ya bambanta su.

A wancan zamani, darajar gidan zu ita ce yawan irin dabbobin da ya tara. Kowane iri a samu ɗaya ko biyu, a rubuta sunansa a jikin allo. In dabba ta mutu, sai a aika wa mafarauta a Afirka ko Indiya su kamo wata, jirgin ruwa ya kawo ta. Lokacin mulkin mallaka ne, daji kuma cike yake da namu. Ba a damu sosai da haihuwa a cikin keji ba.

Amma keji yana cutar mai cin nama. A daji, garken zakuna yana riƙe da ƙasar da mutum zai wuni yana tafiya bai fita daga cikinta ba. A keji kuwa taki biyar ko shida ne, sai bango. Shi ya sa ake ganin zaki ko damisa suna kai da kawowa bakin ƙarfe, hanya ɗaya, safe da yamma. Masu kallo suna zaton jarunta ce. A wurin likitocin dabbobi, alamar ƙunci ce. A 2003 wasu masana na jami'ar Okisfod ta Ingila suka auna halin masu cin nama a gidajen zu da yawa. Suka gane cewa dabbar da ta fi yawo mai nisa a daji ita ta fi wannan kai da kawowa, ƴaƴanta kuma sun fi mutuwa tun suna ƙanana. Makiyayi ba zai yi mamaki ba. Ya san bambancin saniyar da ke fita kiwo da wadda ke wuni a turke cikin rana.

YADDA TUNANI YA SAKE

A 1907 wani Bajamushe mai fataucin namun daji, sunansa Karl Hagenbek, ya buɗe gidan zu a birnin Hambur. Maimakon sandunan ƙarfe, sai ya haƙa rami mai faɗi da zurfi tsakanin zakuna da masu kallo. Zaki yana sarari, ga duwatsu, ga iska, amma ba ya iya tsallake ramin. Sannu a hankali wasu ƙasashe suka ɗauki wannan dabara.

Bayan haka namun daji suka yi ta raguwa a duniya. A 1975 wata yarjejeniya tsakanin ƙasashe ta fara aiki, ta ƙuntata cinikin namun da ke shirin ƙarewa. Daga nan gidan zu da ke son zaki ko tigir, sai ya sa nasa su haihu. Haihuwa kuma tana son wuri: ɗakin uwa daban, inda namiji ba ya shiga, da filin da ƴaƴa za su girma.

A Landan aka rushe tsohon ɗakin zakuna bayan ya yi kusan shekara 100. A 1976 Sarauniya Elizabet ta buɗe sabon wuri a gurbinsa. Wannan karon akwai ciyawa da itatuwa da ramin ruwa. Duk da haka an yanyanka filin gida-gida, don zakuna da tigir da damisoshi da wasu ƙananan dangin kyanwa kowa ya samu. Da shekaru suka wuce, masu gidan suka ga shi ma ya yi kaɗan.

WURIN DAMISA MAI RATSI

Wanda ya shiga gidan yau, abin da zai fara hange daga nesa shi ne wata babbar raga ta wayar ƙarfe, an ɗaga ta da dogayen sanduna kamar tanti. Nan ne sabon wurin tigir. An buɗe shi cikin watan Maris na 2013. Faɗinsa kwatan hekta ne, wato kamar gona mai metir 50 a tsaye, metir 50 a kwance. Ya ninka tsohon wurinsu sau 5. Aikin ya ci fiye da fam miliyan 3 da rabi na kuɗin Ingila.

An rufe saman da raga saboda tigir gwanar hawa ce da tsalle. A ciki akwai doguwar ciyawa da take ɓuya, da tafkin wanka, don ita ba ta tsoron ruwa. Akwai duwatsu da ake ɗumama su da lantarki saboda sanyin ƙasar. Akwai dogayen gungume da ake rataye nama a samansu. Sai ta hau ta jawo abincinta da ƙarfinta, kamar yadda za ta yi fama da shi a daji. Masu kallo suna tsayawa bayan gilashi mai kauri. Wani lokaci mutum ya biya kuɗinsa, ya daɗe tsaye, bai ga komi ba sai ciyawa. Masu gidan sun yarda da haka, don dabbar da ba ta da wurin ɓuya ba ta samun kwanciyar rai.

Tigir ɗin Landan daga irin na tsibirin Sumatara ne, a ƙasar Indunusiya. Ƴan ɗaruruwa kaɗai suka rage a can, saboda ana sare dajinsu ana dasa kwakwar manja, ga kuma masu ɗana tarko. Namijin farko da aka sa a sabon wurin daga Amurka aka kawo shi, matar kuwa daga Ostiraliya. A wannan shekara ta haifi ɗa guda, na farko a gidan cikin shekara 17. Bai yi wata ɗaya ba ya faɗa tafki ya mutu. Cikin watan Fabrairu na 2014 ta sake haifar uku, suka rayu.

Gyaran wuri ba ya sake halin dabba. A 2019 aka kawo wani sabon namiji daga ƙasar Danmak. Aka ajiye shi kwana 10 kusa da matar, shinge a tsakaninsu, don su saba da warin juna. Ranar da aka buɗe ƙofa, sai ya faɗa mata ya kashe ta, ma'aikata suna ta ƙoƙarin raba su. Ba banza ake ce wa damisa "ƙi sabo" ba. Daga baya aka kawo masa wata, a 2022 suka samu ƴaƴa.

ƘAUYEN INDIYA A TSAKIYAR LANDAN

Da tigir suka tashi daga tsohon wurin 1976, sai aka haɗe filin aka gyara shi don zakuna. A lokacin aikin an kai zakanya uku wani gida a ƙauye suka zauna. Cikin watan Maris na 2016 Sarauniya Elizabet ta buɗe sabon wurin. Shi ma kwatan hekta ne, ya ninka na da sau 5. Ya ci fiye da fam miliyan 5, wato sama da miliyar 4 na sefa.

Wanda ya shiga sai ya ga kamar ya bar Ingila. An gina wurin kamar wani ƙauye na ƙasar Indiya mai suna Sasan Gir. Ga tashar jirgin ƙasa, ga ƴan shaguna masu rubutun harshen can, ga kekuna da buhunan kaya, ga kangon wani ɗakin ibada. Akwai gada da mutane ke bi ta sama suna leƙen zakuna. A wani gefen, waya ce siririya mai ƙarfi kaɗai ke tsakanin mutum da zaki. Har da ƴan bukkoki na haya, inda baƙi ke kwana don su ji ruri cikin dare.

Zakunan da ke nan na Asiya ne. Ana gane su da gajeren geza, har kunnuwan namiji suna fitowa fili, da wata fata da ke reto a tsawon cikinsu. Baƙo yakan tarar da su kwance, don zaki yana iya yin awa 20 cikin kwana ɗaya yana hutawa. Namijin da aka kawo a 2016 daga Kanada ya zo. A 2021 aka haɗa shi da wata zakanya daga wani gidan zu na kudancin Ingila. Cikin watan Maris na 2024 ta haifi ƴaƴa uku.

SU WA SUKA TASHI?

Kowane watan Janairu ma'aikatan gidan suna fitowa da takardu, su ƙidaya dabbobinsu kaf, har kifi da ƙwari. Doka ce ta sa su. Wanda ya gwada lissafin yau da na kakanni zai ga manyan namu da yawa sun fita.

A cikin manyan dangin kyanwa, iri biyu suka rage: zakin Asiya da tigir ta Sumatara. Babu damisar Afirka, babu jaguwa. Inda tigir suke yanzu, da can akwai tsohon ɗakin jiminai da dangin shamuwa, da dandalin kallon wata dabbar teku da ake kira zakin ruwa. An shigar da gine-ginen nan biyu cikin sabon wurin. Giwaye sun bar gidan tun 2001, bayan sun yi kusan shekara 170 ana kallonsu a Landan. Karkanda ma ta tafi. Ɗakin giwayen, wanda aka gama a 1965, yana nan tsaye, don dokar kare tsofaffin gine-gine ta hana rushe shi. Daga baya an zuba ƙananan dabbobi a ciki, har da aladun daji. Irin waɗannan gine-gine suna da yawa a gidan, su ma suna cin fili.

Bayan fili, akwai maganar kuɗi. Babban zaki yana cin nama wajen kilo 5 zuwa 7 kowace rana. Ga albashin masu kula da shi, ga likita, ga lantarki. A 1991 kuɗi ya yanke wa gidan, har aka ba da sanarwar za a rufe shi. Mutane suka yi ta kawo gudummawa. A 1992 Sarkin Kuwait ya ba da fam miliyan 1. Gidan ya tsira, amma ya rage dabbobi da ma'aikata. Tun daga lokacin ya ɗauki hanyar iri kaɗan, kulawa mai yawa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mutanen Landan ba su zama baki ɗaya a kan wannan gyara ba. Wasu sun ce an kyauta: zakuna suna haihuwa, yara suna koyon yadda mutum da zaki ke zama ƙasa ɗaya. Wasu sun ce an kashe kuɗi da fili wajen shaguna da tashar jirgi na kwaikwayo, alhali da an bar wa zakuna, ko an riƙe wata dabba a wurin. Wasu kuma sun ce kwatan hekta keji ne har yanzu, an dai faɗaɗa shi.

GIDA NA BIYU A ƘAUYE

Giwayen da suka tashi ba su yi nisa ba. Ƙungiyar da ke da gidan Landan tana da wani gida a ƙauyen Wifsined, wajen kilometir 50 arewa maso yamma da birnin. An buɗe shi a 1931. Faɗinsa hekta 240 ne, ya ninka na Landan sau 16. Yana bisa tudu mai farar ƙasa. A jikin tudun an zana hoton zaki, an kankare ciyawa har farar ƙasar ta fito. Tsawon hoton ya kusa metir 150, ana hango shi daga nesa. A nan giwaye da karkanda suke yawo cikin fili. Akwai zakunan Afirka, da wata irin tigir ta ƙasar Rasha mai jure sanyi.

A wannan gida an kiwata wata dabba da tsofaffin makiyayan arewa suka sani, wato mariri, mai farin jiki da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya. Da can garkunanta suna kiwo a Nijar da Cadi. Farauta da mota da bindiga, da fari, da yaƙi suka gama da ita. A shekara ta 2000 aka ba da sanarwar babu sauran mariri a daji ko'ina. Sai waɗanda ke gidajen zu da gandayen masu kiwo. Aka tattaro su a Abu Dabi daga ƙasashe da yawa. Daga 2016 aka fara sakinsu a dajin Wadi Rime na ƙasar Cadi. Sun haihu a can, sun kai ɗaruruwa. A 2023 aka fitar da mariri daga jerin namun da suka ƙare a daji.

Labarin mariri gargaɗi ne ga masu gidajen zu. Zaki da tigir su ke jawo masu biyan kuɗi. In kowane gida ya ba su fili ya kori marasa suna, wata rana za a nemi irin wata dabba a rasa. Da ba a bar wa mariri wuri ba, da yau sai labari.

ARON BIJIMI TSAKANIN ƘASASHE

Tun da gida ɗaya ba ya iya riƙe kowane iri, gidajen zu na Turai suka haɗa kai. Daga 1985 suka fara tsarin kiwo na tarayya. Kowace dabba mai shirin ƙarewa tana da littafin asali. A ciki ana rubuta uwarta da ubanta da kakanninta. Mutum ɗaya ke riƙe da littafin, shi ke ba da shawarar wane namiji za a kai wa wace mace. Ba a sayarwa, aro ne da musaya, kusan kamar habbanaye na Fulani. Dalilin shi ne wanda kowane makiyayi ya sani: in bijimi ɗaya ya daɗe cikin garke yana hawan ƴaƴansa, maruƙa sukan fito da rauni. Shi ya sa zakin Landan ya fito daga Kanada, tigir daga Amurka da Ostiraliya da Danmak.

Da wannan tsari ake raba kaya. Wannan gida ya riƙe zakin Asiya, wancan ya riƙe damisa, wani ya riƙe jaguwa. Dabbar da ta bar Landan sau da yawa tana nan a wani gari. Sai dai yaron Landan da ke son ganin damisa, yanzu sai an yi tafiya da shi.

ZAKUNA DA MAKIYAYA A DAJIN GIR

Ƙauyen da aka kwaikwaya a Landan yana nan da gaske. Yana jihar Gujarat, a yammacin Indiya, bakin dajin Gir. Ƙasa ce mai damina ɗaya da dogon rani, da itatuwan ƙaya. Da can zakin Asiya yana ƙasashen Larabawa da Farisa har tsakiyar Indiya. Mafarauta suka ƙarar da shi. Wajen 1900 ƴan kaɗan suka rage, duka a Gir. Sarkin Junagad, mai mulkin yankin, ya hana harbinsu. A 1965 gwamnati ta mai da dajin gandu.

Ana ƙidayar zakunan duk bayan shekara 5. A 2015 an samu 523. A 2020 an samu 674. A 2025 an samu 891. Da yawa daga cikinsu sun fita daga gandun, suna yawo cikin gonaki da bayan ƙauyuka.

A cikin dajin akwai makiyaya da ake kira Maldari. Suna kiwon shanu da ɓaunar gida, suna sayar da madara. Da dare suna shigar da dabbobinsu cikin shingen ƙaya mai kauri. Zaki yakan kama musu dabba, gwamnati kuma tana biyan diyya. Daga 1972 an fitar da ɗaruruwan iyalansu daga tsakiyar gandun, abin da ya yi wa da yawa zafi. Wasu suna nan har yau. Manoman kewaye da yawa ba sa ƙin zaki, don yana korar aladun daji da manyan gadan da ke cin amfanin gona. Rijiyoyin gona marasa baki sun ci zakuna da dama, shi ya sa ake ta gina musu baki. Jirgin ƙasa ma yakan take wasu.

Babban haɗarin shi ne duk zakunan suna yanki ɗaya. A 2018 wata cuta irin ta karnuka ta shiga, ta kashe fiye da 20 cikin ƴan makonni. Saboda irin wannan rana ake riƙe da zakunan Asiya a Landan da sauran gidajen zu. Gida biyu maganin gobara. Ƙungiyar Landan ta kuma taimaka wajen horar da likitoci da masu tsaron dajin Gir. Amma yawan da zakunan suka yi, a dajinsu suka yi shi. Tsaron gandu da haƙurin makiyaya da manoma su suka kawo shi.

ƊAN'UWAN ZAKIN GIR YANA NIJAR

Masana sun auna jinin zakunan duniya. Suka tarar zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da na Indiya bisa ga na Afirka ta Kudu. A 2017 aka sa su cikin reshe ɗaya. Shi ma zakin wannan yanki gezarsa ba ta da yawa.

Wani bincike da aka bayyana a 2014 ya nuna wajen zaki 400 kaɗai suka rage a Afirka ta Yamma duka. Kusan 9 cikin 10 suna dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, wanda gandun dajin W yake cikinsa. Sauran ƴan kaɗan suna Senegal da Najeriya. An kafa gandun W a 1954. Ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne, wajen kilometir 150 kudu da Yamai. A shekarun nan rashin tsaro ya hana baƙi zuwa, ya kuma wahalar da masu gadin dajin. Zakin Gir ya tashi daga ƴan kaɗan ya kai 891. Na W yana buƙatar irin wannan riƙo.

A Yamai ma akwai gidan namun daji, cikin gidan tarihin ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. A nan yara da yawa suka fara ganin zaki da kura da dorina. An gina shi a zamanin da ake yayin keji. Tambayar da ta tsaya wa Landan tana jiran kowane gida irinsa: namu nawa fili da abinci da likita za su iya ɗauka? Makiyayan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san amsar a jikinsu. Garken da ya fi ƙarfin makiyaya da rijiya, rani ne ke rage shi.

Ya ku masu karatu, in kun kai yara gidan namun daji, ku hana su jifa da tsokana da miƙa abinci. Ku duba ko dabba tana da inuwa da ruwa da wurin ɓuya. Ku kuma makiyaya da manoma na kewayen W, ku ƙarfafa shingen dare, ku riƙe burtali da hanyoyin da aka ware. In zaki ya kama dabba, ku sanar da ma'aikatan gandun daji. Kada ku sa guba a mushe. Gubar tana kashe zakanya da ƴaƴanta, ta kashe ungulu da kura da karen gida. Turawan Landan sun kashe sama da miliyar 4 don zakuna ƴan kaɗan su samu kwatan hekta. Nijar tana da hekta 220,000 da zakunanta a ciki, kuma makiyaya da manoman yankin suna cikin masu tsaronsu.